Yadda Ake Zaɓar Launin Fenti da Kayan Aiki Kafin a Taɓa Bangon Gida

Yawancinmu ba ma tunawa da fenti sai Sallah ta matso, ko an sa ranar biki ana shirin jere. Sai a ruga kasuwa a gurguje, mai shago ya miƙo katin launuka, a nuna wanda ya fi ɗaukar ido, a loda bokitai a keken adaidaita a taho gida. Bayan kwana uku kowa ya shigo falon ya yi shiru, don abin da ke bango ba shi aka gani a kati ba. Ni ma na taɓa yin haka. Na zaɓi wani kore mai sanyi a shago, da ya hau bangon falo ya zama kore shar, har uwargida ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Maigida, wannan kuwa shi ka nuna mini?" Shi ne fa, bokitin ma ga shi nan. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, yawancin aikin zaɓar fenti a gida ake yin sa, kasuwa ɗauko kaya kawai ake zuwa yi.

Fara da duba bangon

Kafin a yi zancen launi, zagaya ɗakunan da rana tsaka, ka buɗe tagogi. Shafa tafin hannunka a bango. Idan ya fito fari fat kamar ka taɓa alli, tsohon fentin ya mutu, ko kuma dama farar ƙasa ce aka shafa. Duk abin da ka ɗora a kan wannan garin zai ɓanɓaro tare da shi, don haka sai an kankare an goge tukuna. Ƙwanƙwasa filasta da bayan yatsa. Inda ka ji ta yi ƙara kamar ganga, ta rabu da bulo, aikin magini ne kafin na mai fenti.

Sai ka duba gindin bango, wajen taku biyu daga ƙasa. A gidaje da yawa nan ne fenti ke kumbura, wani farin abu kamar kanwa ya riƙa tsatsafowa. Danshi ne ke hawowa daga ƙasa, ko famfo ke yoyo a bayan bangon, ko indararo ke zuba a jikinsa. Ga hanya mai sauƙi ta ganewa: yanko leda mai faɗin takardar jarida, ka manne ta a wurin da tef ta kowane gefe, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka tarar da gumi a cikin ledar ta ɓangaren bango, ko wurin ya yi duhu, akwai ruwa a ciki. Fenti ba ya maganin danshi, ɓoye shi yake yi na 'yan watanni. A gyara yoyon, a bar bango ya sha iska.

Idan sabon gini ne, kada a yi gaggawa. Sabuwar filastar siminti tana bukatar kimanin sati huɗu ta bushe, da damina ma ta fi haka. Wanda ya fente ta ɗanya zai ga launin ya yi dabbare-dabbare, don kaifin siminti yana cin fenti.

Abu na ƙarshe a nan, ka san irin fentin da ke bangon yanzu. Jiƙa auduga da sifirit ka goga a lungu. In launi ya biyo audugar, fentin ruwa ne. In bai ko motsa ba, na mai ne, kuma fentin ruwa ba ya kama jikin na mai sai an dirje shi da sanfefa, ƙyallin ya dushe, an ɗora shafin da zai riƙe sabon.

Wane fenti ya dace da wane wuri

Fentin ruwa, wanda 'yan kasuwa ke kira imalshan, shi ne na bangon ɗaki da silin. Da ruwa ake sirka shi, da ruwa ake wanke burushi, warinsa kaɗan ne, yana saurin bushewa. Amma shi ma iri-iri ne. Akwai marar ƙyalli sam, wanda ke rufa wa bango asiri, ba ya nuna tudu da kwarin filasta, sai dai in yaro ya sa masa hannun miya, to ya zauna kenan. Akwai mai ɗan sheƙi, wanda ake kira satin ko silik, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ya fita tas. Shi wannan tonon asiri gare shi: duk inda magini ya yi kasala, hasken fitila zai nuna. Shi ya sa ake fara yi wa bango sikiridin, wato a bi shi da siririn shafi mai laushi a goge ya yi sumul, kafin a sa satin. In ba ka da kuɗin sikiridin, ka haƙura da satin, ka sayi marar ƙyalli mai kyau. Ya fi mutunci.

Fentin mai na ƙofa ne, da taga, da ƙarfen taga, da get. Yana da ƙyalli, yana jure wanki, amma yana jinkirin bushewa, yakan so kwana guda tsakanin shafi da shafi, ga wari. Akwai dabarar da ake gani a makarantu da asibitoci, ta shafa shi daga ƙasa zuwa daidai ƙugu ko kafaɗa, sama kuma a sa na ruwa. Wasu na ganin ta tsufa. Ni dai a zaure, da lungun da yara ke wucewa suna jan hannu a bango, da kicin ɗin da ake girki da gawayi, ban ga abin da ya fi ta ba.

Na waje kuwa sai wanda aka rubuta a jikinsa cewa na waje ne, don rana da ruwan sama ba sa sassauta wa na ciki. Mutane da yawa suna son tekskot, mai kaushin nan kamar an watsa yashi, saboda yana rufe ƙananan tsaga kuma yana daɗewa. Gaskiya ne, amma a san abu biyu: yana shan bokitai ninkin-ba-ninkin abin da fenti mai sumul ke sha, kuma kaushinsa matattarar ƙura ce. A unguwar da titi ba kwalta, hunturu ɗaya ya isa ya sauya masa kama. A cikin ɗaki kuwa ba na ba da shawararsa ko kaɗan, yana kurje gwiwar hannu, yana riƙe yana.

Launi: inda ya kamata a ɓata lokaci

Kada ka fara da tambayar wane launi kake so. Fara da abin da ba zai sauya ba a ɗakin: tayil ko ledar ƙasa, kujeru, labule, kafet, launin ƙofofi. Fenti ya fi su duka araha da sauƙin canzawa, don haka shi zai bi su. Ɗakin amarya shi ya fi shan wannan matsala. Dangin ango su fente ɗaki ruwan hoda, 'yan jere su iso da kujeru ruwan goro da labule ja, a rasa wanda za a ɗora wa laifi. Waya ɗaya tsakanin gidajen biyu, a turo hoton kujerun, ta isa ta kashe wannan rigimar.

Bayan haka sai haske. Tsaya a ɗakin ka ga ina tagarsa ke kallo. Ɗakin da ke fuskantar gabas yana samun rana da hantsi, ya yi inuwa da la'asar. Wanda ke kallon yamma yana shan zafin la'asar, hasken kuma ja-ja ne, don haka ruwan goro ko ruwan ɗorawa mai ƙarfi zai sa a ji kamar an hura wuta a ciki. Irin wannan ɗaki ya fi son launi mai sanyaya ido, kamar ruwan toka mai haske, ko ruwan bula, ko kore mai dishi-dishi. Ɗakin da katangar maƙwabta ta tsare wa haske kuwa, ruwan toka zai mayar da shi kamar kurkuku. Ruwan madara ko fari mai ɗan rawaya ne zai farfaɗo da shi. Ka tuna kuma da ƙwan fitilar da kake amfani da shi. Farin ƙwai yana ƙara wa shuɗi da toka sanyi, mai rawaya yana mayar da ruwan madara kamar ruwan ƙwai. Ga kuma daren da babu wuta, ana zaune da 'yar fitila mai caji: bango mai haske yana mayar da hasken, ɗaki ya wadata, mai duhu kuwa shanye shi yake yi.

Ƙaramin ɗaki yana ƙara faɗi a ido da launi mai haske, silin kuma fari ya fi, don yana ɗaga rufin. In zuciyarka ta nace sai launi mai ƙarfi, ruwan hanta ne ko shuɗi mai duhu, ba shi bango ɗaya, wanda ke bayan gado ko bayan talbijin, sauran ukun su zama masu sauƙi. Kuma kada gida ya zama kamar rumfar mai atamfa, kowane ɗaki da nasa. Launi ɗaya mai haske ya ratsa falo da lunguna, sai a ƙara ɗaya ko biyu. Wannan ma tattali ne: ragowar bokitin wannan ɗaki ta shiga wancan.

A waje ƙura ce alƙali. Fari tas yana da kyau ranar da aka gama, amma jar ƙasa da ruwan farko na damina ke fallatsawa gindin katanga ba ta fita. Launi mai duhu sosai kuma yana koɗewa a rana, yana nuna farar ƙurar hazo, sannan yana tara zafi ya tura cikin ɗaki da dare, abin da ba wanda ke so a watan Afrilu. Magabata ba su yi wauta ba da suka riƙa shafe gidaje da makuba da jar ƙasa. Launin da ya yi kama da ƙasar wurin ba ya saurin nuna tsufa. Ruwan ƙasa mai haske, ruwan yashi, ruwan madara mai kauri, a kewaye gindin da launi mai duhu kamar taku biyu, wannan haɗin yana kai shekaru da kyan gani.

To, in ka tsayar da launi biyu ko uku, kada ka sayi bokiti. Sayi ƙaramin gwangwani, ko ka roƙi mai shago ya ɗiba maka kaɗan ka biya. Shafa a bangon kansa, faɗin kamar taku biyu kowane gefe, shafi biyu, wuri ɗaya kusa da taga, wuri ɗaya a lungu mai duhu. Ka bar shi ya bushe sarai, don ɗanyen fenti da busasshe ba launinsu ɗaya ba. Duba shi da hantsi, da la'asar, da dare a ƙarƙashin fitila. Kusan kullum launi ya fi ƙarfi a faffaɗan bango fiye da yadda yake a ɗan kati, saboda haka in kana shakka tsakanin biyu, ɗauki mai hasken. Hoton da ka gani a waya kuwa kada ka kafa hujja da shi, kowace waya da yadda take nuna launi.

In gidan haya ne, a sanar da mai gida kafin a sauya launi. Magana ce ta minti biyar.

Lissafi

Ɗauko tef ɗin awo. Mu ɗauki ɗakin da magina ke kira sha biyu sha biyu, wato taku 12 kowane gefe, kimanin mita 3.6, tsayin bango mita 3. Kewayen ɗakin mita 14.4 ne, in ka ninka da 3 ka sami murabba'in mita 43. Cire ƙofa ɗaya da taga biyu, kusan murabba'in mita 5, saura 38. Shafi biyu za a yi, ya zama 76.

Kowane bokitin kirki yana ɗauke da bayanin faɗin da lita ɗaya ke rufewa. Fentin ruwa mai kyau a bango mai sumul yakan kai murabba'in mita 10 ko fiye, amma filastarmu tana da kaushi da ƙishirwa, don haka ka yi lissafi da 8. Raba 76 da 8, kusan lita 10 kenan. Ƙara ɗaya saboda zuba da gyare-gyare, 11. Galan lita 4 ne, babban bokiti lita 20, wato galan uku sun ishi ɗakin, bokiti guda kuma ya kusa isar irinsa biyu. Silin ɗin murabba'in mita 13 ne, galan ɗaya na fari ya rufe shi sau biyu. In za a tashi daga launi mai duhu zuwa mai haske, sa shafi na uku a lissafi.

Amfanin wannan lissafi ba ƙarami ba ne. Ranar da mai fenti ya ce, "Alhaji, ɗakin nan sai bokiti biyu," kana da bakin tambayarsa ta yaya.

A kasuwa

A Kano mutane kan nufi Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, kowane gari dai da layin 'yan kayan gininsa. Za ka tarar da sanannun sunaye irin su Dulux, Berger, Meyer da Sandtex, ga kuma na ƙananan kamfanoni, ga wanda ake haɗawa a bayan shago a zuba a bokiti marar suna. Farashi yana motsi kullum, don haka taya a shago uku kafin ka ciro kuɗi. Fenti mai arha sosai yawanci alli da ruwa sun fi yawa a cikinsa: zai ci shafi uku ko huɗu kafin ya rufe, ya riƙa bin rigar duk wanda ya jingina, shekara ta zagayo a sake. In ka haɗa da kuɗin aiki sau biyu, arhar ta gudu. In aljihu bai kai ba, sa mai kyau a falo da waje, matsakaici a ɗakunan kwana, mai sauƙi a silin da sito.

Duba murfi a tabbatar ba a taɓa ɓalle shi ba, domin tsohon bokitin babban kamfani ana iya cika shi da wani abu. Nemi tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, da ranar da aka yi shi, da lambar rukunin da aka haɗa shi. Launi ɗaya daga rukuni biyu yakan ɗan bambanta, saboda haka sayi duk abin da kake bukata a tashi ɗaya. In haɗa maka launin aka yi, rubuta suna da lambarsa ka adana, in kuma da hannu aka haɗa, a haɗa wanda zai isa har ya yi saura, don ba za a sake dacewa da shi daidai ba. Ka karɓi rasit, ka kuma yi magana tun a nan ko za a karɓi bokitin da ba a buɗe ba.

Wajen fentin mai, nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma, musamman ja da rawaya masu ƙarfi, waɗanda aka fi samun ta a cikinsu. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara, kuma wanda ya tuna yaran da gubarta ta kashe a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani. Haka in za a dirje tsohon fentin mai, a jiƙa shi, a sa takunkumi, a fitar da yara da masu juna biyu, a goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma.

Kada ka manta da shafin ƙasa, wanda masu fenti ke kira firaima. Sabuwar filasta tana da nata, katako yana da nasa, ƙarfe kuma sai jan nan mai hana tsatsa bayan an kankare shi. Shi ne abin da aka fi tsallakewa don ba a ganinsa, rashinsa ne kuma dalilin da get ke yin tsatsa damina ɗaya bayan fenti.

Sauran kayan ba su da yawa. Rola mai gajeren gashi ta bango mai sumul, mai dogon gashi ta kaushi, da farantinta da doguwar sanda don silin. Burushi biyu, mai inci 2 na gefe-gefe da taga, mai inci 4 na ƙofa. Ja gashinsa a shago, in ya biyo hannunka, haka zai bi bangonka. Sanfefa mai lamba 80 ta kankara, 120 ta daidaitawa, 180 zuwa sama ta gamawa. Abin kankara, garin cike tsaga, tef na takarda don rufe makunnin wuta da gefen tayil, leda mai faɗi ta shimfiɗa, tsummoki, tsani mai ƙwari, da tina ta sirka fentin mai. Wasu na sirkawa da fetur don arha. Kada ka yarda a gidanka, ballantana inda ake kunna risho ko gas.

Lokaci da mai aiki

Fentin waje ya fi kyau bayan ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bango ya bushe, hazo bai yi kauri ba. Ranar da iska ke ɗauke da ƙura a bar fentin mai, don duk abin da ya faɗa masa ya manne. Da bazara a fara da sassafe a riƙa bin inuwa, domin bango mai zafi yana busar da fenti kafin ya kama. Makon Sallah kuwa masu fenti gida uku suke riƙewa lokaci guda, sai ka yi haƙuri da abin da ka samu. Wanda ya shirya tun wata guda kafin nan shi ke samun aiki mai kyau.

In jinga za ka bayar, je ka ga gidan da mutumin ya fente bara, ba na jiya ba. Ku yi magana dalla-dalla: shafi nawa, wa zai kankare ya cike tsaga, wa zai share tayil bayan an gama. Kayan ka sayo da kanka. Ka tsaya a wurin lokacin da za a sirka, a bi abin da aka rubuta a jikin bokiti, don ruwa in ya yi yawa fentin zai tsiyaye ya ƙi rufewa. In bokitai biyu ne masu launi ɗaya, a juye su wuri guda a gauraya kafin a fara. A fara da silin, sai bango, ƙofa da taga daga baya, a kuma ba fentin ruwa aƙalla awa uku zuwa huɗu kafin shafi na biyu.

Abin da ya rage a bokiti kada a bari mai fenti ya tafi da shi duka. Zuba kamar lita ɗaya a ƙaramin mazubi mai murfi, rubuta sunan launin da ɗakin a jikinsa, ka ajiye a inuwa inda hannun yara ba ya kai. Ranar da 'yan jere za su shigo da gado, sai ƙafarsa ta kurji bango.